Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Alamomin da Muke Tsoro

Duk wanda ya yi wayo kafin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule, ya riƙe kwabo mai huda a hannunsa. Da shi aka sayi ƙosai, da shi aka yi sadakar Juma'a, da shi yara suka kai kuɗin Laraba makarantar allo. A jikin wannan kwabo, kewaye da hudar, akwai tauraro mai tsini shida, wato alwatika biyu a sarƙe, ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli ƙasa. Haka yake a jikin anini. Haka kuma yake a tutar Nijeriya ta zamanin Turawa daga 1914 zuwa 1960, kore shar a tsakiyar jan da'ira. Kakanninmu sun karɓi kuɗin, sun ƙulle a bakin zane da aljihun riga, ba wanda ya rasa barci. Yau da wani kamfani zai buga wannan tauraro a gwangwanin madara, kafin la'asar hoton ya gama zagaya WhatsApp, ana cewa Yahudawa sun shigo mana ta kofin shayi.

To ina Turawa suka samo shi? Gwamna Lugga da kansa ya bayyana daga baya cewa ya ga zanen ne a murfin wata butar tagulla da sojoji suka kwaso lokacin da aka ci Kwantagora da yaƙi a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Daga gidan sarki Musulmi tauraron ya fito ya hau tuta, kuma sunan da Lugga ya san shi da shi shi ne hatimin Sulaimanu. Ƙasar Isra'ila kuwa ba ta shigo taswirar duniya ba sai bayan shekara 47.

Dalilin tono wannan tarihi shi ne wata ɗabi'a da ta yi mana katutu tun da waya ta shiga hannun kowa. Mun zama mafarautan alamomi. An ga ido ɗaya a rigar yaro, an ce Dujal. An ga alwatika a tambarin banki, an ce Iluminati. An ga mujiya a bangon littafi, an ce matsafa. Ra'ayina shi ne, babu zanen da ya zo duniya ɗauke da ma'anarsa. Mutane ne ke ɗora masa ma'ana, wasu su sauke, wasu su ɗora wata daban. Alama ƙwarya ce, yau a zuba mata fura, gobe magani, jibi guba, kuma wanda ya yanke hukunci kan ƙwarya bai leƙa cikinta ba ya yi gaggawa.

Mu tsaya kan tauraron nan tukuna. Labarin zoben Annabi Sulaimanu (AS), wanda aka ce da shi yake sarrafa aljanu, ya yaɗu cikin ƙissoshin Yahudawa da Kiristoci da Musulmi tun da daɗewa, ko da yake Alƙur'ani ya wanke Annabin daga duk wani zargi na sihiri. Masu zane sun riƙa kwatanta hatimin zoben da tauraro, wani lokaci mai tsini shida, wani lokaci mai biyar. Musulmi sun ƙawata masallatai da shi. Yana jikin kuɗaɗen tagulla na Maroko a ƙarni na 19, yana kuma jikin tutar Hairuddin Barbarosa, babban hafsan jiragen ruwan Daular Usmaniyya ta Turkiyya a ƙarni na 16. A Indiya mabiya addinin Hindu suna zana shi da nufin haɗuwar ƙarfin namiji da na mace. Su kuwa Yahudawa, tsohuwar alamarsu ita ce fitila mai rassa bakwai. Tauraron ya fara zama tambarin al'ummarsu ne a birnin Firag, daga nan ya bazu cikin Turai, taron Sahayoniyawa na farko a Basel ya ɗauke shi a 1897, 'yan Nazi suka tilasta wa Yahudawa liƙa shi rawaya a ƙirji don wulaƙanci, sannan ya hau tutar Isra'ila a 1948. Masanin Yahudawa Gershom Scholem ya yi rubutu yana nuna cewa tauraron ba tsohon gadon addininsu ba ne. A ɗaya gefen, Maroko ta sa mai tsini biyar a jar tutarta a 1915, kuma shi ma hatimin Sulaimanu ake kiran sa har gobe.

Saboda haka wanda ya ɗaga shuɗin tauraro a kan farin ƙyalle yau, magana yake yi ta siyasa, kowa ya san abin da yake nufi. Amma wanda ke jikin tsohuwar ƙofa a Fas ko murfin buta a Kwantagora bai san da wannan magana ba.

Babu alamar da ta fi suwastika nuna yadda ma'ana ke juyewa. Zane ne mai kama da gicciye, hannuwansa huɗu a lanƙwashe. An same shi a kan hatiman kwarin kogin Indus da suka haura shekara 4,000. Mabiya addinan Hindu da Buda da Jain suna ɗaukar sa alamar albarka da sa'a, ana zana shi a ƙofar gida, a jikin sabuwar mota, a shafin farko na littafin ciniki. A Japan da shi ake nuna wurin ibadar Buda a taswira. A nan Afirka ta Yamma ana ganin sa a kan ma'aunan zinare na tagulla na mutanen Asante. Sai wani Bajamushe mai haƙar kufai, Heinrich Schliemann, ya tono shi a kufan birnin Turoi cikin shekarun 1870, masu aƙidar fifikon launin fata suka ce ai tambarin kakanninsu ne. Jam'iyyar Nazi ta ɗauke shi a 1920, ya zama tutar Jamus a 1935, kuma a ƙarƙashinsa aka hallaka Yahudawa miliyan shida da wasu miliyoyin mutane. Cikin shekara ashirin da biyar aka ɓata abin da ya yi dubban shekaru yana nufin alheri. A 1940 wasu ƙabilun asalin Amurka, ciki har da Nabaho da Hofi, suka yi shelar daina sa shi a barguna da kwandunansu. A Jamus ta yau laifi ne a shari'a mutum ya baje shi a matsayin tambarin Nazi, alhali a Indiya amarya na shiga ɗakin da aka zana shi a bakin ƙofa.

Akwai darasi biyu a nan, kuma dole a riƙe su tare. Na farko, zanen bai yi laifin komai ba. Na biyu, ma'anar da aka ɗora da jini ba ta kankaruwa don wani ya kawo hujjar tarihi. Matashin da ya liƙa suwastika a babur ɗinsa ya nufi Turai da shi, ya ce ai alamar sa'a ce a Indiya, ya nemi rigima da gangan ko da jahilci. Wuri da zamani da niyya su ke fassara alama.

Kafin mu yi wa wasu dariya, mu duba namu. Jinjirin wata da tauraro da muke ɗorawa a ƙololuwar hasumiya, mutane da yawa sun ɗauka tun zamanin Sahabbai suke. Ba haka ba ne. Tutocin Manzon Allah (SAW) da aka ruwaito, baƙa ce da fara. Wata da tauraro sun riga Musulunci da ƙarnoni masu yawa: suna kan duwatsun iyaka na Babila a matsayin alamun gumakan Sin da Ishtar, suna kan kuɗin birnin Bizantiyom, suna gefen kuɗin azurfa na sarakunan Farisa. Musulmin farko sun ci gaba da buga irin waɗannan kuɗaɗe har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya sauya fasalin kuɗi a ƙarshen ƙarni na bakwai, ya mai da shi rubutu zalla. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta ɗaukaka wata da tauraro, ta tabbatar da su a tutarta a 1844, daga nan duniya ta riƙa kallon su a matsayin alamar Musulmi. Yau suna tutocin Turkiyya da Pakistan da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya, ba sa tutar Saudiyya. Shin mai gina masallaci a Zinder ko Zariya da ya ɗora wata a hasumiya yana bautar gunkin Babila ne? Ko kusa. Yana nufin nan ɗakin Allah ne, matafiyi ya gani daga nesa ya zo ya yi salla. Idan mun yarda da wannan uzuri ga kanmu, adalci ya ce mu yarda da shi ga wasu.

Sai batun ido, wanda ya fi kowanne tayar da ƙura a wayoyinmu. Misirawan dā suna zana idon Horus don neman kariya da lafiya, har a jikin akwatin gawa. Masunta a tsibirin Malta har yanzu suna zana ido biyu a goshin kwalekwale. A Turkiyya shuɗin dutsen ado mai siffar ido yana rataye a gidaje da motoci don maganin kambun baka, duk da hukumar addini ta ƙasar ta fito a 2021 ta ce dogaro da shi bai halatta ba. A Arewacin Afirka tafin hannu mai yatsu biyar ke wannan aiki, Musulmi su jingina shi ga Nana Faɗimatu, Yahudawa su jingina shi ga Maryamu 'yar'uwar Annabi Musa (AS). Tsoron da ke bayan duk waɗannan iri ɗaya ne da wanda ke sa a rataya wa jariri laya a wuya a garuruwanmu: tsoron idon mai hassada.

Idon da ke bayan takardar kuɗin Amurka ta dala ɗaya, a saman gini mai tsini irin na Fir'aunonin Masar, labarinsa daban ne. Masu zanen coci a Turai sun daɗe suna sa ido cikin alwatika da nufin Ubangiji mai ganin komai. Daga can aka aro shi aka sa a hatimin gwamnatin Amurka a 1782, kuma hawa goma sha uku na ginin suna wakiltar yankuna 13 da suka kafa ƙasar. Bai hau takardar kuɗi ba sai 1935. Gaskiya ne 'yan ƙungiyar Firimason sun ɗauki idon cikin alamominsu, gaskiya ne kuma Shugaba Roosevelt da ya amince da zanen kuɗin ɗan ƙungiyar ne. To amma su ma aro suka yi. Ita kuwa Iluminati ta ainihi, wani malamin shari'a ne mai suna Adam Weishaupt ya kafa ta a Babariya ta ƙasar Jamus a 1776, gwamnati ta haramta ta ta tarwatsa ta kafin ta cika shekara goma. Alamar da aka san ta da ita mujiya ce, tsuntsuwar hikima a wurin Girkawa, wadda har yau take jikin tsabar yuro ɗaya ta ƙasar Girka. Mu a nan baƙin jini ake misali da mujiya, su a can ilimi. Sunan Iluminati ya rayu ne saboda marubuta biyu, Barruel da Robison, da suka fitar da littattafai a 1797 suna ɗora mata alhakin juyin juya halin Faransa. Tun daga lokacin kowane zamani ke yi wa jita-jitar sabuwar riga.

Ba mu kaɗai irin wannan ruɗu ke kamawa ba. A Amurka cikin shekarun 1980 aka yaɗa cewa tambarin kamfanin Procter & Gamble, fuskar mutum a jikin wata da taurari 13, na masu bautar Shaiɗan ne. Kamfanin ya musanta har ya gaji, a ƙarshe ya cire tambarin daga kayansa a 1985, ya kuma yi ta shari'a da masu yaɗa maganar har kotu ta ba shi gaskiya da diyyar miliyoyin daloli a 2007. Masu sayar da sabulu ne, kuma wasu daga cikin masu rura wutar abokan gasarsu ne a kasuwa.

Me ya sa zane iri ɗaya ke ɓullowa a wurare masu nisa da juna? Hanya biyu ce, babu asiri a cikinsu. Ta farko, siffofi masu sauƙi ba su da yawa. Da'ira, gicciye, alwatika, murabba'i, kowane yaro da tsinke a hannu zai zana su a ƙasa, kuma duk mai saƙa tabarma ko faifai zai ga layuka sun sarƙe sun ba da siffar da wani masaƙi a wata nahiya ya riga ya gani. Dagin Arewa da gwamnatin Sardauna ta ɗauka tambari, wanda magina ke fitarwa a bangon soro, maɗinka a ƙirjin riga, dukawa a jikin fata, yana da 'yan'uwa a daɓen gidajen Rumawa, da tsofaffin coci-coci, da masallatai. Kamannin ba su mai da shi na Rumawa ba. Hanya ta biyu ita ce tafiya. Alama tana bin ayari, tana bin mahajjata, tana bin littafi da kuɗi da mayaƙa.

Mafi kyawun misalin wannan tafiya yana cikin gafakar malamanmu, wato hatimi. Ɗauki mai gida tara: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ka haɗa ta kwance, ta tsaye, ko ta kusurwa, 15 za ka samu. Sinawa suna da tatsuniyar cewa wannan tsari ya fito ne a bayan wani kunkuru da ya ɓullo daga kogin Lo a zamanin Sarki Yu. Ya shigo littattafan Larabci, inda aka riƙa rubuta shi don sauƙaƙa naƙuda, Imamu Gazali ma ya ambace shi, shi ya sa masu wannan fanni ke jingina masa shi. 'Yan Ikhwanus Safa na Basra sun tsara manyansa a ƙarni na goma. Ahmad al-Buni, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya haɗa shi da ilimin haruffa da sunaye, kuma littafin Shamsul Ma'arif da ake dangantawa da shi ya kai har zaurukanmu. A Turai mai zane Albrecht Dürer ya sa mai gida goma sha shida a wani zanensa na 1514, kowane layi na ba da 34, ya kuma jera 15 da 14 a layin ƙasa don nuna shekarar.

A cikin wannan doguwar silsila akwai namu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a 1732 da ke bayanin ƙa'idojin tsara irin waɗannan gidaje masu adadin mara, komai girmansu. Ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana tarihin lissafi a ƙasashen waje suna ambaton sa. A gida kuwa, ɗalibi zai gama sakandare a Katsina bai taɓa jin sunansa ba, saboda mun kasu biyu: masu ganin hatimi abin tsoro ne da ba a taɓawa, da masu ganin sa camfi ne da bai cancanci kallo ba. Dukkansu sun rasa lissafin da ke ciki. Hukuncin rataya hatimi ko shan rubutunsa magana ce ta malamai, sun daɗe suna tattauna ta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya yi kakkausar suka ga bokanci da duba. Amma yadda lambobi tara suke jeruwa su ba da 15 ta kowace fuska, wannan lissafi ne tsantsa, kuma sanin asalin abu daban yake da yin imani da shi.

Na san abin da mai karatu zai ce: to ai ƙungiyoyin asiri suna nan, kuma suna da alamominsu. Haka ne. Ƙungiyoyin asiri na jami'o'inmu suna da tambura da launukan hula, sun kuma zubar da jinin 'ya'yan mutane. Akwai masu bautar Shaiɗan na gaske, kamar ƙungiyar da Anton LaVey ya kafa a Amurka a 1966, wadda ta ɗauki tauraro mai tsini biyar a kife da kan bunsuru a ciki. Akwai kuma mawaƙan da ke rufe ido ɗaya a hoto da gangan, don sun san surutu talla ne. Mutum yana da cikakken 'yancin ƙin sa rigar da ke ɗauke da zanen da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, uba kuma yana da haƙƙin hana ɗansa. Kauce wa abu don tsantseni hali ne mai kyau. Abin da nake ja da shi shi ne tsallakawa daga "wannan zane ya yi kama da wancan" zuwa "wane matsafi ne". Wannan tsalle yana da tsada a ƙasar da zargin maita ko tsafi kan tara jama'a da duwatsu kafin 'yan sanda su iso.

Mu kanmu mun ɗanɗana zafin irin wannan fassara. Rubutun ajami da ke jikin naira Hausa ce zalla, adadin kuɗin kawai yake faɗa, don amfanin miliyoyin da suka iya karatun allo ba su yi boko ba. Amma wasu 'yan ƙasa sun kalli haruffan suka ga shirin musuluntar da Nijeriya, aka cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka cire shi daga naira ɗari ta 2014, har aka kai maganar kotu. Mun ji haushi, mun ce da sun tambaya da an karanta musu. Wannan magana daidai ce, kuma ita ce wadda Bahindu zai faɗa mana kan zanen ƙofar gidansa.

Abin da ya kamata mu yi ba mai wuya ba ne. Malaman lissafi su shigar da al-Kashnawi cikin aji, su ba yara gidaje tara su cika da kansu. Gidajen tarihi irin Gidan Makama a Kano su riƙa bayyana wa baƙi sunan kowane zane na bango da na riga, da inda ya fito, kafin magina da maɗinkan da suka san su su ƙare. Mai wa'azi kuma, wanda maganarsa ke da nauyi a kunnen dubbai, ya binciki tarihin alama kafin ya hau mumbari da ita, ya san wa ya zana ta, yaushe, kuma me mai ita yake aikatawa a zahiri. Zargin mutum da tsafi tuhuma ce babba a addini da al'ada da doka, tana bukatar shaida. Babu alƙalin kirki da zai karɓi kamannin zane a matsayin shaida, bai kamata mu ma mu karɓa ba.